Kalma dubu huɗu a ka, baki a rufe

Akwai kalmar Ingilishi guda ɗaya da kusan duk wanda ya shiga jami'a a ƙasar Sin ya sani, ko da ya mance sauran kaf. Kalmar ita ce "abandon". Littattafan haddar kalmomi da ɗalibai ke saye don shirin jarrabawa an jera su ne bisa tsarin haruffa, daga A har Z, ita kuma tana shafin farko, can sama. Yaro zai sayi littafi da zafinsa, ya haddace shafi biyu ko uku, ya gaji ya aje. Bayan wata guda himma ta sake motsawa, ya ce bari in faro daga farko. Ga "abandon" nan tana jiran sa. Ma'anarta kuwa, a yi watsi da abu, a bar shi. Su kansu Sinawan sun maida abin barkwanci a tsakaninsu, in wani ya ce yana shirin jarrabawar Ingilishi sai a tambaye shi ko ya wuce "abandon".

Ni malamin Ingilishi ne. Na yi shekaru ina riƙe da alli a wani kwaleji cikin jihar Maraɗi kafin Allah ya ba ni tallafin ƙaro karatu a birnin Wuhan, tsakiyar ƙasar Sin, a bakin babban kogin Yangtze. Shekara biyu na yi can. Mu nan gida da aiki muka san Shinuwa: matatar man Damagaram, gada ta biyu ta Yamai, likitocin da ke zuwa asibitocinmu. Ba mu cika tunanin su ma akwai harshen da ke hana su barci ba. To akwai, kuma shi ne wanda nake cin abinci da koyar da shi.

Nauyin da aka ɗora wa Ingilishi a can ba ƙarami ba ne. Tun 2001 gwamnati ta sa a fara koyar da shi daga aji uku na firamare. Jarrabawar shiga jami'a, wadda suke kira gaokao, ana yin ta a farkon watan Yuni, kuma a 2024 sama da mutum miliyan 13 suka yi rajistarta. A yawancin larduna makin duka 750 ne, harshen waje kuma, wanda ga mafi yawa Ingilishi ne, yana da 150, daidai da lissafi, daidai da Sinancin kansa. Maki ɗaya na iya raba yaro da jami'ar da yake buri, don dubban yara ne ke tsaye a kan maki guda. In ya shiga jami'ar ma bai tsira ba. Akwai wata jarrabawar ta ƙasa baki ɗaya, CET mataki na huɗu, da aka faro a 1987, ana yin ta sau biyu a shekara, Yuni da Disamba. Makinta 710, wanda bai kai 425 ba kuwa a idon kowa ya faɗi. Tana neman kalmomi wajen dubu huɗu da ɗari biyar, kuma kamfanoni da yawa ba su ko buɗe takardun wanda ba shi da ita.

Shi ya sa suke hadda, hadda kuma ta gaske. Bayan sallar asuba in na leƙa ta taga, ko cikin sanyin Disamba mai shiga ƙashi, zan hango su a tsaitsaye ƙarƙashin itatuwa, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, littafi a hannu, baki na motsi. Tun a sakandare suka saba, don akwai lokacin da aka ware kafin darasin farko, aji duka na karatu da ƙarfi. Wanda ya rufe ido sai ya rantse makarantar allo ce. Ni ban taɓa raina hadda ba. Wanda ya taso a garin da yaro ɗan shekara goma sha biyu ke riƙe izu sittin a ka ba shi da bakin raina ta. Kuma haddarsu da tsari take. Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace a kwanakin farko yake zubewa, sai in an yi ta bita ana ƙara tazara. A kan wannan aka gina manhajojin da ke cikin wayoyinsu: kalmar da ka koya yau za ta dawo maka gobe, ta dawo bayan kwana biyu ko uku, ta dawo bayan mako. Mu tilawa muke ce wa wannan, mun kuma san aikinta.

Amma duk da wannan wahala, su da kansu suka laƙaba wa sakamakon suna: yaba yingyu, wato Ingilishin bebe. Shekara goma ko fiye ana karatu, a ci jarrabawa, baƙo ya tambayi hanyar tasha, baki ya ƙi buɗewa. Wani ɓangare na laifin na jarrabawar ne, don a yawancin wurare karatu da rubutu da saurare take aunawa, magana kuwa daban ake yin ta, ba kuma dole ba ce. Wani ɓangaren kunya ce, abin da suke kira zubar da fuska. Har wani mutum mai suna Li Yang ya yi suna a shekarun 1990 da tara dubban mutane a filayen wasa yana sa su kururuwa da Ingilishi, wai don kunyar ta mutu. Sai dai akwai dalili na uku da ya fi waɗannan zurfi, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalami.

A jami'o'i da yawa na can akwai wata al'ada. Wani dare a mako, ɗalibai su taru a fili guda su tsaya ƙungiya-ƙungiya, ba a magana sai da Ingilishi. Baƙo irina in ya je, nan take a kewaye shi. A nan na haɗu da wani saurayi ɗan lardin Henan, yana shekarar ƙarshe a fannin gina hanyoyi da gadoji. Zan kira shi ɗan Henan kawai. Iyayensa manoman alkama ne. Sama da yara miliyan ɗaya ke zama gaokao kowace shekara a lardinsu, saboda haka duk yaron ƙauyen da ya tsallake har ya iso Wuhan, ka san ba da wasa ya iso ba. Sau biyu yana zama CET yana faɗuwa, na biyun maki kaɗan ya rage masa. Ga wani kamfanin gine-gine mai aika injiniyoyi ƙasashen waje zai ɗauki ma'aikata, albashi ya fi na gida nesa ba kusa ba, sharaɗi kuma biyu ne: takardar CET da ganawa ta baki da Ingilishi. Akwai bashin da mahaifinsa ya ci saboda karatunsa. Akwai ƙanwa a bayansa da ke jiran nata lokacin. Muka yi yarjejeniya, shi ya gyara mini Sinanci, ni in gyara masa Ingilishi, ba kuɗi tsakaninmu.

Ranar farko ya zo da kayensa, wani mai kauri da ya sha hannu. Kowane shafi layi biyu ne daga sama zuwa ƙasa, Ingilishi a hagu, Sinanci a dama. Na jarraba shi. "Phenomenon", ya ba ni. "Infrastructure", ya ba ni har da harafi-harafi. "Circumstance", bai ko numfasa ba. Duhu ya fara shigowa ɗakin, sai ya miƙe ya nufi bango ya ce, "Teacher, I open the light?" Can kuma da na ji yana tari na tambaye shi jiki, ya ce kada in damu, "I already ate medicine." Mutumin da ke riƙe da kalma dubu huɗu bai san yadda ake kunna fitila ba, bai san yadda ake shan magani ba.

Ba jahilci ba ne, Sinanci yake yi da kalmomin Ingilishi. A harshensu akwai kalmar kai. Da ita ake buɗe ƙofa, da ita ake kunna fitila, da ita ake tuƙa mota, da ita ake zaman taro, in ruwa ya tafasa ma ita ce. A kayensa kuwa an rubuta "open" a hagu, kai a dama, shi ke nan. To me zai hana shi buɗe fitila? Akwai kuma chi, wadda a rubuce har ta yi kama da "ci" tamu, ma'anar ma ɗaya ce. Basine cin abinci yake, cin magani yake, in ya jure wahala a ce ya ci ɗaci, in kishi ya kama shi a ce ya ci ruwan tsami. Mu shan magani muke, shan wahala muke, shan iska, shan kaye, shan alwashi. Bature kuwa ba ya ci ba ya sha, ɗaukar magani yake, "take medicine", ya ɗauki hoto, ya ɗauki mota, ya ɗauki wanka, duk da "take" ɗin nan guda.

Malam, ka kwatanta wani baƙo da ya zo koyon Hausa, aka ba shi jerin kalmomi, aka rubuta masa "ci" da fassararta guda, sa abinci a baki. Ya haddace, ya ci maki goma bisa goma. Ya fito kasuwar Maraɗi sai ya ji an ce wane ya ci amana, wane ya ci bashi, an ci wane tara, wuta ta ci rumfa, yau kasuwa ta ci, yarinyar ta ci jarrabawa, kada ka ci mini mutunci. Ina haddarsa? Ya san "ci" ko bai san ta ba? A takarda ya sani. A kasuwa bebe ne kuma kurma. Wannan ne halin ɗan Henan. Kalmomi masu tsawo irin "phenomenon" ba su da wuya, don ma'anarsu ɗaya ce ko biyu, kuma ba su cika fita yawo ba. Ƙananan nan da ake tuntuɓe da su a kowace jimla, su ne masu fuska goma, kuma kowace fuska sai da abokiyar tafiyarta ake gane ta.

Masana sun ƙirga abin. Kalmomi ɗari da suka fi yawan fitowa su ne kusan rabin duk rubutun Ingilishi na yau da kullum. Tun 1953 wani malami mai suna Michael West ya fitar da jerin kalmomi wajen dubu biyu da ya ce su ne ginshiƙi, kuma binciken da ya biyo baya, irin na Paul Nation na ƙasar New Zealand, ya nuna dubu biyun farko na ɗauke da wajen kashi 80 cikin ɗari na abin da mutum zai karanta. Masu babban ƙamus na Oxford kuma, da suka sake bin aikatau "run" kaɗai, ma'ana 645 suka lissafa mata. Harafi uku. Littafin da ya jera kalmomi daga A zuwa Z layi ɗaya yake ba "run", layi ɗaya yake ba "phenomenon", kamar nauyinsu ɗaya. A ganina nan ne ɓarnar take.

Da muka ci gaba sai na riƙa jin muryar ɗalibaina na gida a bakinsa. "Can you borrow me your pen?" Sau nawa na ji wannan a ajin sizyam? Sinanci kalma ɗaya yake da ita, jie, ga mai ara da mai ba da aro, kamar yadda mu ma muke cewa "na ari littafi" da "ara mini littafi". Ingilishi ya raba, "borrow" da "lend". Ga kuma babbar rigima, "make" da "do". Basine zuo yake cewa, Bahaushe "yi", Bafaranshe "faire". Harsuna uku sun yarda kalma ɗaya ta isa, Ingilishi ya ce a'a: "make a mistake" amma "do homework", "make money" amma "do business", "make the bed" amma "do the dishes". Ba wata ƙa'idar da za ta fitar da kai duka, sai dai ka san kowace da abokiyarta. Haka kan, wadda da ita suke kallon talabijin, su karanta littafi, su ga likita, su ziyarci aboki, alhali Ingilishi na neman "watch", "read", "see" da "visit". Har gina jimla muna tarayya da su. Suna cewa "although" sannan su ƙara "but", daidai da namu "ko da yake... amma", Ingilishi kuwa ɗaya kawai yake so.

Inda muka rabu da su shi ne mace da namiji. Yana ba ni labarin gida sai ya ce, "My mother, he works in the field." A baki, Sinanci ta kawai yake cewa ga shi da ita da dabba da dutse. A rubutu ne ake bambantawa, shi ma harafin mace sabo ne, wajen shekarar 1920 wani masanin harshe mai suna Liu Bannong ya yaɗa shi. Ɗan Henan ya san ƙa'idar sarai, a takarda bai taɓa kuskure ba, amma in magana ta yi sauri sai harshen uwa ya riga ƙa'ida fita. Yaron Bahaushe ba ya wannan, don mu ko a "kai" da "ke" mun raba, abin da Ingilishin ma bai yi ba. Amma malaman da ke koyarwa a Yamai ko Diffa sun san zancen, tun da Zabarmanci da Barbarci su ma ba su raba shi da ita. Sauran kuwa sanannu ne: aikatau ba ya sauya siffa a Sinanci, "jiya" ko wata ƴar ƙaramar kalma ke nuna lokaci, suna ba ya ɗaukar alamar jam'i, babu kuma "a" babu "the". Wannan ta ƙarshen, wadda ta fi kowace kalma yawa a Ingilishi, na haƙura da ita, don ba a wata huɗu ake gyara ta ba, kuma ba ta kashe kowa.

Akwai dai wadda ke iya kashewa. Na ce masa ya ɗauka yana wurin aiki, shugabansa ya tambaye shi, "You didn't switch off the machine?", shi kuma bai kashe ba. Me zai ce? Ya ce "Yes." Na gane shi nan take, don ni ma da Hausa haka zan ce: "Ba ka kashe ba?" "I, ban kashe ba." Sinanci da Hausa mai tambaya suke gaskatawa. Ingilishi aikin yake dubawa: in ba a kashe ba "No" ne, ko yaya aka juya tambayar. Shugaban da ya ji "Yes" zai tura mutum ya sa hannu cikin injin. Mun kwana biyu a kan wannan, har muka tsaya a kan cewa kada ya sake amsawa da kalma ɗaya, ya riƙa cika ta, "No, I didn't", ko "Yes, I did". Lambobi ma haka. Sinawa da dubu goma suke ƙirga, suna ce mata wan, saboda haka dubu ɗari a wurinsu wan goma ce, miliyan kuma wan ɗari. Kafin ya juya wannan zuwa "hundred thousand" sai ya tsaya yana lissafi da yatsu, wani lokaci sifiri guda ya ɓace. Wannan bai ba ni mamaki ba. Mu da muke cewa dala ashirin muna nufin tamma ɗari, mun san yadda baƙo ke rikicewa a kasuwarmu. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sun daɗe da gano magani, kowa ya danna lambarsa a na'urar lissafi ya miƙa.

Wani abu da ya riƙa ba ni dariya shi ne ƴan rubuce-rubucen da ke gefen kayensa. Yara kan rubuta lafazin Ingilishi da haruffan Sinanci don su tuna. "Ambulance" ta zama an bu neng si, ma'ana "ba zan mutu ba". Dabara ce mai daɗi, sai dai tana ɓata lafazi, don gaɓar Sinanci da wasali take ƙarewa, ko "n" ko "ng", saboda haka duk inda baƙaƙe suka cunkushe sai a cusa wasali. Ban yi masa dariya da yawa ba. Mu ne fa muka maida "bread" burodi, muka maida "screwdriver" sukurudireba.

Abin da muka yi ba wani sihiri ba ne. Na sa ya sayi sabon kaye. Muka zaɓi aikatau ashirin, irin su "take", "make", "do", "get", "put", "turn", "keep", "run", "give", "go", kowanne da shafinsa biyu. A rubuta kalmar a tsakiya, a kewaye ta da abokan tafiyarta, amma ba daga ka ba kuma ba daga ƙamus ba, sai wadda ya tsinta da idonsa cikin abin da yake karantawa, ko tsoffin takardun jarrabawa ko littafin ƙa'idojin tsaro na wurin gini. Fassara ba a yi wa kalma ita kaɗai, sai dai a yi wa jimlar duka. Haddar asuba ba mu taɓa ta ba, abin da ake haddacewa ne ya sauya: maimakon "turn", sai "turn off the light", "turn left at the bridge", "turn down the offer". Da dare kuma minti biyar zai ba ni labarin abin da ya yi tun safe, ni kuma ba na tsayar da shi sai a kan aikatau na ranar. Sauran kurakurai in bar su su wuce. Wanda ake tarewa a kowace kalma, shiru yake koya.

Bai yarda da sauƙi ba. Mako na biyu ya zo fuska a ɗaure ya ce, "Laoshi," wato malam, "abokaina kalma hamsin suke yi a rana, ni ina kan guda. Wannan duka na san su tun ina firamare." Na miƙa masa tsohuwar takardar CET da jan biro, na ce ya ja layi ƙarƙashin duk inda ɗaya daga cikin ashirin ɗin nan ta fito, ya kuma sa alama inda bai gane nufinta ba. Da ya gama shafin ya yi ja. Wurare da yawa da ya faɗi a baya ba don baƙuwar kalma ba ne, "put off" ce ko "run out of" ko "get over", waɗanda ya san kowane gutsurensu amma bai san su a haɗe ba. Daga ranar bai sake kawo zancen hamsin ba.

Tun da na dawo gida nake duban ajina da wannan idon. Yaranmu suna da gatan da ɗan Henan ba shi da shi. Tun bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066 Faransanci ya yi ta kwarara cikin Ingilishi, shi ya sa "phenomenon" da "infrastructure" da "circumstance", da shi ya sha sanyin asuba a kansu, ɗalibinmu kyauta yake samun su. Basine ko sunayen watanni sai ya haddace ɗaya-ɗaya, don a harshensa wata na ɗaya, wata na biyu kawai ake cewa. Amma gatan nan yana ruɗin mu. Yaro ɗan ajin Bak zai karanta rubutu kan tattalin arziki ya gane rabi da taimakon Faransanci, malam ya ji daɗi, uba ya ji daɗi, a ce yaro ya iya Ingilishi. A ce masa ya roƙi a rage ƙarar rediyo, sai ido. Ga kuma tarkon kalmomin da suka yi kama amma ba su ba ne, "library" da ba kantin littattafai ba ce, "actually" da ba ta nufin yanzu. Mu ma kuma layi biyun nan muke yi a allo, "to take" a hagu, "prendre" a dama, yara su kwafe, ranar dabuwar su zubo mana, mu ba da maki. Tun 2025 dokar ƙasa ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, Hausa kuma harshen ƙasa. Wanda za a nema nan gaba shi ne mai iya buɗe baki a ofis ko a waya, kuma da ƙananan kalmomin nan ake buɗe shi.

A ajina yanzu na kan fara da Hausa. In rubuta "sha" a allo in ce su kawo mini duk abin da ake sha. Cikin minti biyu allo ya cika, da ruwa da taba da wuya da kunya da duka, ajin na ta dariya. Sannan in goge in rubuta "take", in ce ita ma haka take da jama'arta, za mu yi wata guda muna tara su. Ba su taɓa tambaya ta dalili ba, sun riga sun gani. Iyaye kuma, rashin jin Ingilishi bai fitar da ku ba. Mahaifin ɗan Henan ko harafin A bai sani ba, amma shi ke tashe shi da asuba tun yana ƙarami ya zauna kusa da shi har ya gama karatu da ƙarfi. Kuna iya buɗe kayen yaro ku duba: kalmomi ne tsirara a jere, ko jimloli ne? Kuna iya nuna ɗaya ku ce ya faɗa muku da Hausa a ina ake faɗin ta, wa ke faɗa wa wa.

Ɗan Henan ya zauna CET karo na uku a watan Disamba, ya haye 425 da ƴan maki kaɗan. A ganawar kamfanin, kamar yadda ya ba ni labari, an tambaye shi abin da zai yi in siminti ya ƙare ana tsakiyar zuba gada, ya kuma amsa, da tuntuɓe amma ya amsa. Suka tura shi wata ƙasa a gabashin Afirka. Bayan shekara guda ya aiko mini da saƙon murya, ana jin ƙarar injina a bayansa. Ya ce bashi ya kusa ƙarewa, ƙanwarsa ta shiga babbar sakandare, shi ne kuma ke yi wa sauran Sinawan wurin tafinta da leburori. "The" ɗinsa har yanzu sai inda ta ga dama take fitowa. Da ya zo kan mahaifiyarsa ya ce "he", ya tsaya, ya yi dariya, ya ce "she", ya ci gaba da ba ni labarin girbin alkama.